Garke a Bakin Gyambo

A shekarar da ƙafata ta so rabuwa da ni, ruwa ya daɗe bai janye daga fadama ba. An yanke shinkafa, an sussuke, amma bayan garinmu yana nan shimfiɗe fari fat, tsuntsaye suna sauka suna tashi. Garin namu ƙarami ne, gabas da Haɗeja, irin garuruwan nan da damina kan yanke wa hanya har sai an nemi kwalekwale.

Wata safiya na sauka bakin ruwa wankin tukunya. Samari sun sassare kachalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana rabin kogi, sun bar gindinta a ƙarƙashin ruwa mai tsini kamar an fiƙe. Ɗaya ya karce ni sama da idon sawu. Ko dubawa ban tsaya yi ba. Ashe ciwon suga da ke jikina ƙofa yake nema. Karcewa ta zama miki, miki ya zama gyambo, gyambo ya yi ta buɗe baki har ya kai faɗin ludayi.

Ɗana ya kai ni asibiti a Haɗeja. Likita ya duba, ya latsa gefe. Da zai yi magana ɗana ya kalla, amma kunnuwan da suka ji nawa ne.

“Idan ya fara haɗewa kafin ruwa ya sauka, mun gode Allah. Idan bai fara ba, ba zan bari ta koma ƙauye hanya ta yanke ba. Kano za ku tafi, kuma can maganar wuƙa za su yi.”

Na ce, “Daga ina za su yanke, ɗan nan?”

Bai so ya faɗa ba. Sai ya ɗora gefen hannunsa a kan tasa ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Muka dawo gida. Akwai malamar asibiti da ke zagayowa garinmu a kan babur, ita aka ɗora wa aikin. Takan wanke da ruwan gishiri, ta shafa wani mai, ta ɗora auduga mai laima, ta naɗe da bandeji. Kullum maganarta ɗaya: “Iya, kada ki kwance. Kada ya sha iska, kada ya bushe.” Ni kuwa in ce to.

To amma ina da maƙwabciya, tsohuwa kamata, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita Babarbariya ce, iyayenta daga wajen tafkin Chadi suka taso, ni kuwa a ruga aka yanke cibiyata. Tsakanin Fulani da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba zagi bai biyo baya ba. Ta shigo ta ga ƙafa a naɗe, ta riƙe haɓa.

“Ke Bafulatanar daji, hankalin naki ma shanu sun tafi da shi? Tun yaushe aka rufe ɗanyen nama aka ce ya warke? Ko kifi in ba a shanya shi ba ruɓewa yake yi.”

Ban ga ƙarya a maganarta ba. Haka na taso na gani. Uwata ta shanya miki, kakata ta shanya, duk wanda ya ji ciwo a garin nan rana ake nuna wa ciwon. Saboda haka da hantsi, idan mutanen gida sun watse zuwa lambu, sai ta tsallako da garin bagaruwa a ƙullin zane. Mu kifa turmi a tsakar gida, in ɗora ƙafa, ta warware bandejin a hankali don ta iya mayar da shi yadda yake, ta barbaɗa garin. Rana ta yi ta duka har bakin gyambon ya yi baƙin ɓawo, ƙam kamar bayan kunkuru. Mu duba mu yi murna. Idan malamar ta zo sai ta jiƙa ɓawon ta ɓamɓare, ta ɗaure fuska, ta auna da wani ɗan tsinke mai zane. Faɗin yana nan yadda yake.

Ana nan sai ga jikana ya zo hutu, ɗan babban ɗana. Gemu ya cika masa fuska amma har yanzu wai yana jami'a. Ya shigo da baƙar jaka a kafaɗa ya durƙusa.

Na ce, “A'a, maigida, sai yau? An bar mata ba cefane ba sabulu, an tafi an auri takarda.”

Ya ce, “Amarya, ai ke kika ƙi bina birni. Yanzu ma na ji an ce kin samo dalilin da za ki ƙi yi min tuwo.”

Ya yi dariya, amma da idonsa ya sauka kan bandejin sai dariyar ta yanke.

Da rana yakan zauna kusa da ni a gindin darbejiya, ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya. Cajinta a shagon mai magani ake yi, inda akwai sola. Ran nan na gaji da kallon ƙeyarsa na ce, “Wai kai me kake karantawa da ba ya ƙarewa?”

“Tafiya nake karantawa, Kaka.”

“Tafiyar wa?”

“Tafiyar abin da ido ba ya gani.”

Ya matso da tabarmarsa. Ya ce fatar mutum ba shimfiɗa ɗaya ba ce kamar ƙirgi. 'Yan ƙwayoyi ne masu rai, jere kafaɗa da kafaɗa, ƙanana ƙwarai, sai da madubin asibiti ake ganinsu. Ya ce a makarantarsu akwai masu kiwon irin waɗannan a cikin faranti na gilashi. Su ba su abinci har su cika farantin, sannan su sa tsinke su ja layi a tsakiya, su share hanya fetal, su kafa na'urar ɗaukar hoto su tafi harkarsu. Ya danna ya nuna min abin da na'urar ta ɗauko.

Na ga gaɓa biyu masu launin toka, da fili a tsakani kamar busasshen rafi. Sai gaɓar ta motsa. Wallahi ta motsa. Wani abu ya miƙo leɓe siriri ya shafa ƙasa, ya janye, ya sake miƙowa, ya kama, sannan ya jawo sauran jikinsa. Na kusa da shi ya bi, na bayansu suka matso. Ba ƙafa, ba ido, ba mai kora. Daga ɗaya gaɓar ma haka. Sannu-sannu filin ya yi ta tsukewa har gaɓa ta taɓa gaɓa, kowa ya tsaya cak.

Abin da ya zo min a rai shi ne ƙuruciyata, lokacin da ruwa kan janye mu gangaro da shanu daga tudu zuwa fadama. Garke yakan tsaya a bakin sabuwar ƙasa, duk su yi cirko-cirko suna huci. Sai wata saniya, ba ita ce babba ba, ba ita ce mai yawan nono ba, ta miƙa wuya ta sansana, ta sa kofato ɗaya. In ta ji ƙasa ta ɗauke ta, sai ta sa na biyu. Daga nan sai ka ga garke ya tsiyayo a bayanta kamar kunu daga bakin ƙwarya.

Na nuna da yatsa na ce, “Wannan ta gaban, wa ya naɗa ta?”

Ya ce, “Abin da ya hana ni gama makaranta ke nan.”

Sannan ya nuna min nasa aikin. Shi ba ya kiwon komai a faranti. Nasa zane ne, ɗigo-ɗigo masu launin ganye a kan baƙin fili. Ya ce kowane ɗigo ya rubuta masa 'yan dokoki da lissafi. Ka miƙa gaba ka kama ƙasa. Ka ja jikinka. Ka saki baya. In ka ci karo da ɗan'uwanka, ka juya wajen da babu kowa. Ya kuma zuba musu ɗan abin da ba a sani ba, kamar jefa ƙuri'a, don kada kowa ya yi tafiya iri ɗaya. Daga nan sai ya sake su ya koma gefe yana kallo. In tafiyarsu ta yi kama da ta na cikin faranti, to wataƙila dokokin da ya zata su ne na gaskiya. In ba ta yi ba, ya goge ya sake zato. Bai naɗa kowa jagora ba, so yake ya gani ko jagorar za ta fito da kanta.

Ya sake su. Suka rarrafo daga dama da hagu. Ya mayar da su ya sake sakinsu, suka zo ta wata siga dabam. Wani lokaci wata takan yi gaba da 'yan rakiya a bayanta kamar yatsa, wani lokaci duk su taho a jere.

Na ce, “Nawa ne waɗannan? Na ƙafata?”

“Ba naki ba ne, Kaka. Ba na kowa ba ne. Lissafi ne kawai.”

“To in ka rufe murfin a ina suke kwana?”

“Ba sa kwana. Tsayawa suke yi inda na bar su.”

Wannan magana ta dame ni. A ce halitta tana tsakiyar taku a tsayar da ita, ba ta isa ba, ba ta koma ba, har sai wani ya dawo daga masallaci. Idan ya fita ya bar abin a kan tabarma nakan jawo gefen zanena in rufa masa saboda rana. Kuma duk da abin da ya faɗa, zuciyata ba ta yarda ba nawa ba ne. Wata rana na ce, “Maigida, kore su mana su rufe.” Ya taɓa wani wuri, kafin ƙiftawar ido fili ya rufe ruf. Na sunkuya na dubi ƙafata. Tana nan tana zugi.

Ya ce a hankali, “Da haka ake yi, da tun ina mota na warkar da ke.”

Shanyar gyambo kuwa ba mu fasa ba, sai dai muna jiran ya tafi kai caji. Ran nan ya tarar shagon a rufe ya juyo da wuri. Ya same mu tsakiyar rana, ƙafa a kan turmi, bandeji rataye a wuyan maƙwabciyata, tana barbaɗa gari tana ba ni labarin bikin da ba a gayyace ta ba.

Ya tsaya a bakin zaure. Ita ko gezau.

“Shigo mana, angon Fulani. Zo ka ga aikin da asibitinku ya kasa. Dubi yadda ya bushe, ƙwanƙwasa ka ji.”

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ajiye jaka, ya tsuguna ya daɗe yana kallon ɓawon. Sannan ya buɗe kwamfutar da ɗan sauran wutar da ke cikinta, ya ɗora a kan kujerar tsakar gida, ya kama yatsana ya aza a wani wuri mai santsi.

“Kaka, yau ke ce mai ƙasa. In kika ja nan, ƙasar da suke takawa za ta yi danƙo. In kika ja can, za ta rasa wurin kamawa.”

Na ja wajen danƙo har ƙarshe, don na ce bari in ba su abin riƙewa da kyau. Ya sake su. Suka miƙa gaba, suka kama, suka ja, amma bayansu ya ƙi sakuwa. Suka yi ta miƙewa suna rawa a wuri ɗaya. Na san wannan. Na taɓa ganin karsana a baƙar laka har ciki, tana da ƙarfinta, tana da numfashinta, ga tudu tana gani, amma ƙafar baya ta ƙi fitowa.

Na yi maza na ja can ɗaya gefen. Nan kuma sai suka yi ta miƙa leɓe suna shafa, suna shafa, babu abin da ya kama. Suna nan a bakin gaɓa kamar makafi a bakin rijiya. Filin tsakiya ko ƙanƙancewa bai yi ba. Sai da na dawo da yatsa wajen tsakiya, na ɗan yi gaba na ɗan yi baya, sannan suka samu taku.

Ya ce, “Ni ba likita ba ne, kuma babu ɓawo a cikin lissafina, kada in yi muku ƙarya. Amma masu duba na gaskiya sun ce a kan laima suke tafiya. Idan sama ta bushe ta yi tauri, sai sun nutsa ƙarƙashin ɓawon suna haƙa hanya kafin su wuce. Na bakin gaba kuma, waɗanda suka fi kowa taushi, su rana ke fara kashewa.”

Maƙwabciyata ta taɓe baki. “Kai yaro, shanun nan naka na cikin akwati ko kashi ba sa yi. Da su za ka koya mana jinya?”

Ya ce, “Wallahi ba sa yi, Iya. Shi ya sa ba a kore ni daga ɗakin haya ba.”

Ta yi dariya har da tari, ta naɗe min ƙafa, ta tafi da ƙullinta.

Ni ban yi dariya ba. Ba hujjarsa ce ta kama ni ba, don malamar asibiti ta faɗi fiye da haka ban ji ba. Tausayi ne ya kama ni. Na zauna ina tunanin wata 'yar ƙaramar aba a gefen gyambona, wadda ba ta san sunana ba, ba ta san Kano ba, ba ta san wuƙa ba, tun asuba take miƙa leɓe tana neman wurin kamawa, ta samu ɗan taku, 'yan'uwanta sun fara biyo ta. Sai hantsi ya yi, tsofaffi biyu su kifa turmi.

Washegari ta tsallako da garinta na ce a'a.

“Au, an bi miji an bar ƙawa?”

“An bi.”

“To in suka yanke kada ki zo ara min ƙafa. Tawa ba ta shiga ruga.”

Ta yi fushi, amma ba ta tafi ba. Ta zauna ta jawo kwandon gyaɗa muka yi ta ɓara. Haka muka ci gaba kullum, ita tana zagin bandeji, ni ina zagin kakanninta.

Zafi ya shigo sosai. Fadama ta bushe ta tsattsage, masu lambu suna ta jan ruwa da inji. Ƙarƙashin bandeji ƙaiƙayi ya taso, irin wanda kan sa mutum ya ciji zane. Bayan azahar nakan jingina da darbejiya gyangyaɗi ya ɗauke ni, ba barci ba, ba farke ba. A nan nakan ga ƙafata ta yi faɗi, ta yi faɗi, har ta zama fadama gaba ɗaya. Gwiwata tudu ce, idon sawuna tsibiri. Gyambon kuwa tafki ne ja mai ɗumi, hazo yana tashi a kansa. Ni kuma na dawo yarinya da sanda a kafaɗa, ina tsaye a gaɓa, farin garke ya kewaye tafkin ta kowane gefe. Ba sa kuka, ba a jin kofato. Ba su da ƙaho ma. Ina son in yi musu kira irin na babana, sai in tuna ba su da kunne. Sai in tsaya kawai in tsare musu rana da inuwata. Can sai kaza ta taka min hannu in farka.

Hutun jikana ya ƙare. Ran da zai tafi na riƙe masa jaka na ce, “Tambayi abin naka, yaushe zai rufe?”

Ya ce, “Bai san suga ba, Kaka. Bai san jini ba, bai san tsufa ba. Nawa a kan fili mai kyau suke tafiya. Naki sun fi nawa wahala.”

“To me ya sani?”

“Ya san in akwai wurin kamawa, ana tafiya.”

“Tafi can, miji marar amfani.”

Ya tafi yana waiwaye.

Malamar asibiti ta zo ta tafi, ta zo ta tafi. Ta daina samun ɓawo, ta dube ni ta gefen ido, ni ma na dubi wani wuri. Sai wata rana ta warware, ta sunkuya sosai, ta ce, “Iya, duba nan.” Idona ba shi da ƙarfi, sai da ta juya ƙafar wajen haske. A kewayen jan naman akwai wani siririn zobe, fari-fari da ɗan ja, mai sheƙi kamar cikin ɓawon albasa. Na kai yatsa, ta buge min hannu.

A lokacin shamuwa ta riga ta iso tana gyara sheƙa a kan kuka. Gabas ta fara haɗa baƙi da yamma, iska tana kawo ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani gari. Zoben yana faɗaɗa, amma a hankali ƙwarai, yadda wani lokaci sai in ce idona ne ke yi min alheri. Ta gefen sama ya shigo da tsini, ta gefen ƙasa ya tsaya kamar an tare shi. Ina kallon sama, ina kallon ƙafa.

Da aka yi yayyafin farko ɗana ya ce gobe sai Haɗeja. Maƙwabciyata ta ce za ta bi mu, wai tana da sayayya. Ba ta da sayayyar komai. A mota ta riƙe min hannu tana zagin direba.

Likita ya warware da kansa. Ya auna ta tsaye, ya auna ta kwance, ya latsa yatsun ƙafar yana kallon yadda jini ke dawowa. Gyambon da ya kai ludayi ya dawo kamar bakin cokali. Wannan karon ni ya kalla.

“Bai rufe ba, Iya. Zai daɗe bai rufe ba, kuma in kika shiga ruwan damina da shi za mu koma inda muka fito. Amma yana tafiya. Ku koma gida.”

Na ce, “Kano fa?”

Ya ce, “Kano sai in za ki ziyara.”

Da muka fito ɗana zai tare mana a-daidaita-sahu zuwa tasha, na ce a'a, a biya da ni kasuwa. Na taka a hankali, hannu ɗaya a kafaɗar maƙwabciyata, har rumfar masu takalma. Na zaɓi na roba mai rufi, mai taushi, wanda bandeji zai shiga. Mai rumfar ya miƙo ƙafa ɗaya in gwada. Na ce ya kawo ɗayar ma, duka zan sa.

Maƙwabciyata ta sunkuya da ƙyar tana ɗaura min, tana cewa, “Garin bagaruwar nan nawa daɗewa yake yi kafin ya ci jiki. Ai na gaya miki.”

Na ce, “Ɗaura dai, Babarbariya, hadari yana tasowa.”